Ɓarawon Allo

In ka sauka a Kpakungu kana cigiyar Malam Zikrullahi mai fenti, za a tsaya ana kallonka ana tunani. Amma ka ce Ɓarawon Allo kake nema, ko mai sayar da lemo a bakin titi za ta nuna maka shagonsa da baki. Shi ma yana amsa sunan. Mutum ne da bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, kuma shi ya jawo wa kansa sunan, a kan tsani, da buroshi a hannu, cikin daminar shekarar 2006.

Daga Bida ya zo Minna yana saurayi, da akwatin ƙarfe ɗaya da gwangwanayen fenti uku. Ya yi allunan shagunan aski da na masu abinci, ya zana zaki da ɗawisu a bayan motocin Zungeru da Wushishi. Abin da ya raba shi da sauran masu sana'ar shi ne fuska. Mutanen da ke kan allunansa kai ka ce za su buɗe baki su gaishe ka. Sirrin kuwa wani ɗan littafi ne mai baƙin bango da ba ya barin aljihunsa. Kullum bayan la'asar sai ya je tashar motocin Paiko, ya sayi shayi, ya zauna a benci yana kallon masu hawa da sauka, fensir na ta aiki. In an kawo masa aiki sai ya buɗe littafin ya zaɓi fuskar da ta dace. Bai taɓa neman izinin kowa ba. A ganinsa matafiya ne, yau suna nan, gobe sun wuce.

A shekarun nan ne kwamfuta ta fara cin sana'arsa. Shaguna suka buɗe a Tunga da Bosso, suna da faifai cike da hotuna, a zaɓar maka ɗaya a buga maka talla cikin yini guda. Malam Zikrullahi yakan ce, "Mutanen cikin faifan nan duk Turawa ne. Ka taɓa ganin Bature ya zo aski Kpakungu?" A yi dariya, amma aiki na ta raguwa. Shi ya sa ranar da Alhaji Ndayako, shugaban wata kasuwar doya da ke kusa da tashar, ya aika a kira shi, ko wanke hannu bai tsaya yi ba.

Sata ta dame su, in ji Alhaji. Yana son babban allo a bakin ƙofa: ɓarawo da doya a hammata, 'yan banga sun riƙe masa wuya. "Ina son wanda duk ya gani gabansa ya faɗi," ya ce.

Malam Zikrullahi ya buɗe littafinsa ya yi ta juyawa, har ya kai wani shafi da ya zana shekara biyu baya. Wani mutum ne mai wushirya, da tabon da ya raba girarsa ta hagu biyu, idanunsa na kallon gefe kamar wanda ake nema. Fuskar nan ya ɗora wa ɓarawon. Da aka kafa allon, har daga cikin motoci ake leƙowa ana kallo.

Kwana tara bayan haka, ranar Laraba da hantsi, wata mata ta tsaya a ƙofar shagonsa. Ta ƙi shiga, ta ƙi zama.

"Oga mai fenti, kai ka yi allon kasuwar doya?"

"Ni ne, Mama. Aiki kika kawo?"

"Sunana Rifkatu. Mijina ka zana."

Ya ajiye buroshi. "Ban san mijinki ba."

"Shi ma bai san ka ba. Sunansa Gaiya. Baro yake turawa a cikin kasuwar nan, shekara ta bakwai ke nan. Yana da tabo a nan." Ta taɓa girarta ta hagu. "Da farko wasa ake yi masa, wai ya sauko daga allo ya zo dako. Shi ma yana dariya. Sai mata suka fara cewa a kira musu wani mai baron. Jiya doya biyu suka ɓata a rumfar wani, sai ga mutum ya cakumi rigar mijina. Da ba a ga doyar a ƙarƙashin buhu ba, ban san inda zan same shi yau ba."

"Mama, zane ne kawai..."

"Gata Asabar. Manyan motoci za su zo daga ƙauyuka, kasuwa cike da baƙin da ba su san shi ba, allo kawai suka gani a ƙofa. Kai ɗan gari ne, ka san abin da ake yi in an ce ɓarawo a kasuwa. Akwai wanda ke tsayawa tambaya?"

Ya sani. Ya taɓa gani sau ɗaya, kuma bai so ya tuna ba.

Da ta tafi ya rufe shago ya nufi kasuwar. Daga nesa ya hango allon, ya hango kuma mutumin zaune a kan baronsa can gefen rumfuna, ya ja hula har ta rufe gira. Sauran masu baro na ta kai da komo da kaya, shi nasa wayam. Malam Zikrullahi ya kasa ƙarasawa wurinsa. Ya wuce ofishin Alhaji Ndayako ya roƙi a sauke allon.

"A sauke?" Alhaji ya cire tabarau. "Tun da aka kafa shi ko ɓawon doya ba a ɗauka ba. Allon nan ya fi 'yan bangan aiki, kuma shi ba ya cin abinci."

"Alhaji, mutum ne a kai. Yana nan cikin kasuwarku."

"To wa ya sa shi a kai, ni? Ka canza fuskar in kana so. Amma kada ka shafe ka bar mini kai kamar ƙwarya, kada kuma ka zana mini dodo. Mutum nake so, irin namu, wanda za a gani a yarda."

A gida ya baza takardu a tsakar gida ya ce zai ƙirƙiro fuskar da ba ta kowa ba. Matarsa Zuliha na gefe tana tsince shinkafa. Ya gama ta farko ya ɗaga mata.

"Wannan ai Ndaliman mahauci ne," ta ce.

Ya yage, ya sake. Ya faɗaɗa hanci, ya ƙara gemu.

"Baban Kafayatu, ka ji tsoron Allah. Ladanin masallacinmu fa."

Ta uku ta ce ƙanin babanta ne na Bida. Ta huɗu shi da kansa ya duba ya ga direban da ke kai 'yarsu makaranta. Har la'asar ta yi yana abu ɗaya. Shekara ashirin hannunsa na kwasar fuskokin mutane, ashe bai da ko ɗaya da ba ta da mai ita. Duk wadda ya ɗora a allon, wani gidan zai kai wa abin da ya kai wa Rifkatu.

Ranar Alhamis ya danne zuciyarsa ya je Tunga, shagon wata mai kwamfuta da ake kira Martha, wadda ta karɓe masa masu aski da yawa. Ta ba shi kujera da girmamawa, ta sa faifai, ta nemo masa ɓarayi. Guda uku ne a ciki, duk Turawa, da riga mai zane-zane da baƙin ƙyalle a ido, ɗaya ma yana tafiya da sanɗa yana murmushi.

"Baba, su ke nan muke da su," ta ce.

"Wannan in an sa masa doya a hammata, yara ma dariya za su yi."

"To ko in ɗauko maka hoton wani daga jarida?"

"Shi na jaridar ba shi da mata?"

Ya dawo gida bai ci abinci ba. Saura yini ɗaya, kuma fentin mai sai ya sha iska kafin ya kama, ga hadari kullum da yamma.

Da safiyar Juma'a Zuliha ta ga ya ciro madubinta daga bango yana naɗewa a tsumma. Ta tsaya a ƙofar ɗaki.

"Ina za ka kai mini madubi?"

"Aro nake yi."

Ta dube shi, ta dubi gwangwanayen da ya jera, nan take ta gane. "A'a. Wallahi a'a. Kana da 'ya a makaranta. Kana so a riƙa nuna ta ana cewa ga 'yar wanda ke kan allo? Waye zai ƙara ba ka mabuɗin shagonsa ya ce ka shiga ka yi masa fenti?"

"Ni an san ni, Zuliha. Kowa ya san ni na zana."

"Su baƙin ranar Asabar sun san ka?"

Ya ɗauki madubin ya fita, ita kuma ba ta yi masa a dawo lafiya ba.

A ƙofar kasuwa ya jingina tsani, ya kafa ƙusa a gefen allon, ya rataye madubi. Da ya shafe fuskar ɓarawon da farin fenti, mutane suka fara taruwa. Ya jira ya ɗan bushe yana duban sama, gabas ta fara yin baƙi. Sannan ya fara: faɗin goshi, tsagen Nufawa a kumatu, furfurar da ta fito masa a gefen kunne, leɓen ƙasa da ya ɗan zubo. Tsanin na rawa, don ƙasar wurin ta jiƙe. Can sai ya ji tsanin ya tsaya cak. Ya leƙa ƙasa. Gaiya ne ya riƙe shi da hannu biyu.

"Yi aikinka," Gaiya ya ce. "In ka faɗo, za a ce ni ne."

Wani mai doya ne ya fara ganewa. "Kai, jama'a, kansa yake zanawa!" Dariya ta tashi har cikin rumfuna. Wani ya ce ashe ɓarawon ya kawo kansa. Wani ya ce a kira 'yan banga tun yana sama, ba shi da hanyar gudu. Alhaji Ndayako ya fito ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, mutum ne dai," ya koma ciki.

Da Malam Zikrullahi ya sauko, ya zauna a bakin baron Gaiya.

"A ina ka gan ni?" Gaiya ya tambaya.

Malam Zikrullahi ya ciro littafin ya buɗe masa shafin. Akwai kwanan wata a ƙasa. Gaiya ya daɗe yana dubawa.

"Ranar nan matata nake jira. Ta je Paiko da yaronmu, aka aiko mini ya kamu da zazzaɓi mai zafi. Duk motar da ta shigo sai in duba." Ya ɗaga kai. "Shi ne ka ga ɓarawo?"

"Ka yafe mini."

"Ba ni takardar."

Ya yage shafin ya ba shi. Gaiya ya ninke shi huɗu ya sa a cikin hularsa, ya mayar da hular kai, wannan karon bai ja ta kan gira ba. Ruwan bai sauko ba sai bayan an taso daga masallaci, fentin ya riga ya kama.

Asabar ta zo ta wuce, ba a taɓa kowa ba. Dako ya dawo wa Gaiya a hankali, ko da yake akwai matan da har ya bar kasuwar ba su ƙara kiransa ba. Malam Zikrullahi kuwa sunan ya bi shi tun daga ranar. Wasu masu shago suka daina ba shi aiki, wasu kuma saboda allon suka zo. Zuliha ta karɓi madubinta da ɗigon fenti a gefe, kuma har yanzu in za ta sayi doya, ta ƙofar baya take shiga kasuwar.

Yana nan yana zuwa tashar Paiko bayan la'asar, amma yanzu sai ya tashi ya je ya yi sallama ya ce, "Bawan Allah, in zana ka?" Yawanci sukan ce a'a, don haka littafin ba ya cika da wuri kamar da. Allon ya kai shekara bakwai a wurin, rana ta cinye 'yan bangan, amma fuskar ta ƙi dusashewa, don da fenti mai kyau ya yi ta. In sayayya ta kai shi kasuwar ranar Asabar, yakan ga baƙo ya dubi allon, ya dube shi, ya sake duban allon. A irin lokacin nan yakan fitar da hannayensa biyu daga aljihu ya riƙe su a gabansa, inda kowa zai gani, har ya fita.