Hanyar Namun Dawa a Gonar Babana

Ku matso kusa, ku gyara zama, mai magana shi yi shiru, ga ta nan tafe gare ku. Wagga da rana tsaka anka yi ta, kuma a kaina anka yi ta.

Babana shina da gona yamma da ƙauyenmu, can ƙasar Bukkuyum, tsakanin daji da gulbi. In rani ya yi, duk abin da ke cikin dajin nan mai jin ƙishirwa ta gefen gonar shike bi. Gada da barewa, gadu da 'ya'yansa wutsiya sama, birai, zabin daji, sannan shanun Fulani maƙwabtanmu. Don haka Baba bai taɓa sa fartanya a gefen nan ba. Shi ya bar nasa, mai gonar da ke fuskantar tasa ya bar nasa, ga tushiyoyin gamba a tsakiya suna nuna iyaka. Haka kowa ke yi, tun daga bakin daji har mashaya. Hanyar nan rabon dawa ake ce mata, wato rabon namun daji. Ina ƙarama na tambaye shi dalili, yac ce, "Ke, dabba ba ta san gado ba. In kin toshe mata hanya, cikin hatsinki za ta fidda wata."

Da Allah Ya yi mishi cikawa anka raba gonar, maza kashi bibbiyu, ni ɗaya. Nawa rabon ya faɗo a gefen nan, siriri dogo kamar ɗamara, kwance jikin hanyar. Babban wanmu mutum ne mai tsokana. Yac ce, "To ƙanwata, an ba ki gona har da baƙinta. Sai ki riƙa dama musu fura."

Na yi aure, na haihu, mai gidana ya riga ni. Gonar nan ita ce tuwona. Gero da dawa, wake a tsakani. 'Ya'yana ke nomewa, amma rumbun nawa ne, ba ni roƙon kowa gishiri, ba ni jiran matar ɗa ta auno mini.

Shi kuwa maƙwabcin Baba, da ɗansa yag gaje shi, sai ɗan yaf fara cin nasa rabon dawan, kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, bakuna sun yi mishi yawa. Da kaɗan da kaɗan har yak kawo ga gamba, yat tumɓuke ta, yas sa mata wuta. Hanya tad dawo rabi, kuma rabin nan duk cikin ƙasata take.

Ana nan, ana nan, sai wata damina munka ji a rediyo an yi doka. Za a fitar wa namun daji da shanu hanyarsu daga daji zuwa ruwa, a kafa mata turaku, wanda duk yan nome ta hukuma ce da shi. Ranar kasuwa yayan nan nawa mai tsokana yab biyo ta gidana, ko zama bai yi ba.

Yac ce, "Kin ji abin da anka ce?"

Nic ce, "Na ji, Yaya. Ashe sun gano abin da Baba yas sani."

Yac ce, "Baba bai san mutanen birni ba. Gobe in aiko miki da shanun huɗa, a kife wurin nan, a watsa ko wake ne. Su zo su iske gona."

Nic ce, "In kife abin da Baba yab bari?"

Yac ce, "Baba na kabari, ke kina bakin murhu. Wa ke buƙatar tuwo cikinku?"

Na juya na ci gaba da iza wuta, yag gane na ƙi. Yak kaɗe rigarsa yac ce, "Taurin kan gidanmu duk ke kinka kwashe, ko kaɗan ba ki rage wa jikoki ba." Yat tafi.

Ma'aikatan hukuma sun zo dawa ta kai gwiwa. Mota tat tsaya inda hanya taƙ ƙare, sunka ƙaraso da ƙafa, su da mai gari. Babbansu ba tsoho ba ne, shina da ladabi, har ƙasa yad durƙusa yag gaishe ni. Yad dubi wancan gefe, dawa kore shar har bakin iyaka. Yad dubi nawa gefen, ciyawa da sawun kofato da kashin gada.

Yac ce, "Inna, wagga ita ce hanyar?"

Nic ce, "Ita ce, ɗana. Tun ubana na da rai."

Yaj juya ga maƙwabcina yac ce, "Malam, naka gefen fa?"

Maƙwabcina yac ce, "Ranka shi daɗe, ni gona na gada, ga ta kana gani. Ko dawa na fita bisa hanya?"

Mai gari yad dubi sama kamar mai neman hadari. Matarsa ƙanwar mutumin ce.

Sai babban nasu yaf faɗi yadda aikin yake. Hanyar da anka iske, daga tsakiyarta za a ja igiya, rabi dama rabi hagu, har faɗin da doka tac ce ya cika. Nic ce mishi tsakiyar gaskiya ba nan take ba, tana inda gamba take a da. Yac ce, "Ina gambar, Inna?" Na nuna mishi wurin, babu komai sai dawar mutum tana kaɗawa. Yac ce shi abin da idonsa yag gani shi zai auna, in ya bi ta bakin kowa ba zai kai gulbi ba sai baɗi.

Anka ja igiya. A wancan gefe tal lashi kunyoyi kaɗan. A nawa gefen tac cinye rabon dawa, tat tsallaka cikin gero, tay yi ta tafiya, ni ina biye da ita da ido. Inda anka kafa turken siminti anka shafa mishi jan fenti, abin da yar rage mini ko akuya ta kwanta ciki sai ta miƙe ƙafa da dabara. Sunka ce bana in girbe abin da na shuka, daga baɗi kada fartanya ta sake taɓa wurin.

Yayana bai ce "na gaya miki" ba, Allah Shi ji ƙansa. Yaɗ ɗauke ni bisa babur har gaban hakimi, anka kira babban ma'aikatan nan, munka zauna a zaure, ni daga bakin ƙofa. Yayana ne yay yi magana. Yac ce, "Ranka shi daɗe, wanda yac ci hanya an bar mishi, wadda tat tsare hanya an cinye ta. In haka dokar take, a gaya muna, mu gargaɗi 'ya'yanmu kada su sake barin wa kowa komai."

Ma'aikacin yac ce ya ji zafin maganar, amma mu sani ƙasa duk a hannun hukuma take, mu riƙo muke yi, in buƙatar jama'a ta taso ana karɓa. Nan bakina yab buɗe. Nic ce, "Ɗana, da anka raba gadon ubana malamai ne sunka zauna, da littafin Allah a gabansu. Ba wanda yac ce mini riƙo ne." Yas sunkuyar da kai, yac ce, "Inna, ba ni na yi dokar ba."

Hakimi yas shafa gemu. Sannan yac ce turke kam ya kafu, shi ba shi da ikon tuge shi. Amma yat tambaya ko akwai itace a wurin. Yayana yac ce akwai ɗorawa biyu da tsamiya. Hakimi yac ce a ƙasar nan tun kaka da kakanni itace daban, ƙasa daban, mutum kan sayar da gona shi riƙe ɗorawarsa. Yac ce da ma'aikacin, "Dokarka ta hana noma, ta hana sara, ta hana wuta. Ta hana kaɗo 'ya'yan itace?" Ma'aikacin yac ce ba ta hana ba. Hakimi yac ce, "To itatuwan nata ne, da ita da 'ya'yanta, kowa shi shaida."

Da shi munka tashi. A hanya yayana yac ce, "Kin je da gona kin dawo da daddawa. Allah Shi sa ta yi wari, ko ma samu masu saye."

Na girbe geron shekarar, na cika rumbu, cikawarsa ta ƙarshe ke nan. Tun daga nan kalwa nike dafawa, in yi daddawa, a kai mini kasuwar Nasarawa Burkullu, in auno hatsi da kwano kamar baƙuwa. Ɗorawar ma ba ni kaɗai ba ce, birai kan riga ni hawa, kuma doka ta hana a jefe su.

To ga yadda kowa yaƙ ƙare. Ma'aikacin nan an ɗauke shi zuwa wani gari, ban sake ganinsa ba, an ce shina aikawa a gaishe ni. Mai gari ya tsufa, ɗansa ke zama a zaure. Maƙwabcina damina uku yay yi haƙuri, sannan turakun gefensa sunka fara tafiya da kansu, har yau ba wanda yaz zo tambaya, don tun da daji yaɓ ɓaci mutanen birni sunka ɗauke ƙafa. Hakimi ya rasu. Yayana ya rasu bayansa, ni na shafa mishi ruwa a baki. Rumbuna ya rushe wata damina, 'ya'yana sunka kwashe ƙasar sunka yi wa awaki ɗaki. Ni kuwa ga ni zaune ɗakin da babban ɗana yag gina mini, matarsa ke auno mini tsaba, yarinyar kirki ce, ba ta taɓa sa na tambaya sau biyu ba. 'Yan kunyoyin da sunka rage kuɓewa ake sa mini da yakuwa. Iyakar abin da na sani ke nan, ku tashi ku ba ni wuri in yi alwala.