Koren ƙuda da guzurin Habu

Jama'a, yau ƙuda ya raba ni da rabin rago!

Ƙanena Habu zai koma haƙar zinariya a Tchibarakaten jibi. Da safe na yanyana naman guzurinsa, na shanya a igiya a tsakar gida. A garin nan wa ke rufe shanya? Na ɗauka kafin la'asar rana za ta gama aikinta.

Na manta an sha ruwa makon jiya. Gari ya yi laima, ga gumi, nama ya ƙi bushewa.

Na dawo daga kasuwa da azahar, na tarar igiya ta koma kore shar! Koren ƙuda ne, manya-manya, sai ƙugi suke. Har sun zuba farin ƙwai a kowace tsoka!

Na duba, ashe ta katangar jardan, wato lambun unguwa, suke ƙetarowa. Na zagaya a fusace, wari ya tare ni tun daga ƙofa. Baba Illa mai kula da wurin ya jibge dattin tumbi da jini daga mahauta a gindin itatuwa!

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Taki ne, ɗiyata. Kullum rana ke busar min da shi. Bana ruwa ya riga ni."

Na ce, "To naman Habu fa? Duk ya lalace!"

Na zaci haƙuri zai ba ni. Sai ya ce, "Tunda ya lalace, kawo shi. Lemun can na baya bai samu ba."