Damin Geron Farfesa

Inna Saude ta Kekun Waje ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk Bunguɗu babu wanda ya kai ta iya bayanin aikin ɗanta. Farfesa Abdulsamad ya shekara ashirin a Turai, cikin wani dogon rami a ƙarƙashin ƙasa, yana gwara ƙwayoyin da ido ba ya gani don a san abin da ke cikinsu. In maƙwabta suka tambaya, sai ta ce, "Daka yake yi, turmin ne dai na Turawa."

In ya bugo waya takan tsokane shi. "Kai, shekara ashirin kana daka, har yau ba mu ga gari ba?"

"Saura kaɗan, Inna."

"To ka zo ka sha fura, ka ga dakan gaskiya."

Kowace kaka takan ware masa damin gero a rumbu, ta fitar da na bara ta sa sabo. Kowace kaka kuma sai wani gwaji ya riƙe shi.

Da ciwo ya kwantar da ita, ya roƙi sati biyu ya ƙarasa. Ba ta kai ba. Ya iso ran sadakar uku, ƙanwarsa Mansura ta miƙa masa gumba a ƙwarya.

"Yaya, daminka ne muka daka. Cewa ta yi kada a taɓa sai ka zo."

Ya gutsura ya kai baki.