Gidanmu da ke cikin katin Sanusi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi, kuma akwai laifin da na yi masa wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Sanusi mayen wasan bidiyo ne. Ni ina rumfar atamfa, shi yana gaban talabijin, har nakan ce masa ɗan fataken goro ya koma ɗan danne-danne. Bayan an rushe tsohon gidanmu mun koma unguwar Zongo, sai ya sami wani wasa da mutum ke gina filinsa da kansa. Wata huɗu ya yi yana gina tsohon gidan nan na Baba a ciki: zaure, rijiya, ɗakin da ake jiƙa huhun goro. Inna takan zauna ya zagaya da ita, tana gyara masa inda ƙofa ta karkace.

A wani ɗan kati na na'urar wasan ya ajiye aikin. Ya bayyana mini cewa kowane wasa da irin rubutun da yake adana abinsa, wata na'ura ba ta karanta na wata.

"Yaya, kada ka sa shi a ordinater, ba yarensu ɗaya ba," in ji shi, yana nufin kwamfuta.

Da aka yi arba'in ɗinsa, Inna ta ce tana son ganin gidan nan na cikin wasa. Na'urarsa ta ƙi tashi, ni kuma da ƙaramin sani, wanda aka ce ƙuƙumi ne, na kai katin wani shagon ordinater a unguwar Bilbalogho. Allo ya tambaya: formate? Na ɗauka formasiyon ake nufi, wato za a koya wa na'urar yaren katin. Mai shagon yana waya, na danna wi, wato e, da hannuna. Ashe sharewa ce. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba.

Yanzu an ce akwai masu juya tsohon rubutu zuwa sabo, wasa ya buɗe ko a wayar hannu. Da Sanusi yana nan da ya yi murna, da kuma ya yi mini dariya. Amma ba a juya abin da babu.

Na rasa gane me ya saura nasa. Katin yana nan, fanko. Abin da ya rage sai Inna, wadda na ce mata na'urar tana wurin gyara. Idonta ya yi rauni, amma duk Sallah sai ta tambaya ko an gama. Bana ma ta tambaya, ta ce tana so ta ga rijiyar kafin ganin ya ƙare. Na ce mata an kusa.