Abin da Dakata yake jira

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana tsaron injin bokiti a kamfanin roba. In narkakkiyar roba ta shiga mazubi, shi ne mai jira ta huce ya ce a buɗe. In aka yi gaggawa bokitin ya karkace, in aka bar shi ya wuce ƙima ya yi gautsi. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Dakata, don kalmar ba ta barin bakinsa. Ko shayi Mama ta miƙa masa sai ya tsare kofin da ido, har ta ce, "Malam, sha mana, wannan ba bokiti ba ne."

Ni autarsa, sai na sami aiki a ɗakin bincike na jami'a. Mukan narka ɗigon roba a kan gilashi, mu zuba masa ido ta madubin ƙara girma. Yana hucewa wasu ƙananan ƙwayoyi ke tsirowa a cikinsa kamar furanni, mu kuma muna neman yadda za mu juya girmansu, don a kansu ƙarfin roba yake.

Ranar da na ba Baba labari ya ajiye cokali.

"Ashe abin da nake jira ke nan duk shekarun nan? Auta, ki kai ni in gani."

"To Baba, bari aiki ya yi sauƙi."

A lokacin ya fara laluben takalminsa da ƙafa, na kuma san idonsa tafiya yake yi. Aiki bai hana ni komai ba. Kunya nake ji manyan malamai su ga ubana mai bokiti ne. Haka na yi ta ja masa rai shekara biyu.

Da na kai shi, ya wanke hannu ba wanda ya ce masa, ya sunkuya a kan madubin, ya daɗe.

"Haske kawai nake gani," ya ce.

Na karɓi wurin ina faɗa masa. "Sun fara fitowa, Baba. Suna faɗi. Ga biyu sun haɗu." Daga nan kuka ya ƙwace mini.

Ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Haba Auta, mene ne na kuka? Da ma can ban taɓa ganinsu ba, kuma ko sau ɗaya ba su ba ni kunya ba."