Injin da Ke Mutuwa da Azahar

Ranar Litinin ɗin nan ba ta fita daga raina ba, kuma waɗanda ke wurin suna da rai, kowa na iya tambayarsu. Akwai Hajiya Mariya, mai shagon da muke wa aiki a Ƙofar Kwaya. Akwai mahaifiyarta, wadda muke kira Hajiya Babba. Akwai Saratu mai shirya sarƙoƙi a zare, da Malam Hamisu mai gyaran injin niƙa, da Nenne Dije, wata dattijuwar Bafulatana daga rugar da ke bayan Kambarawa. Sai ni, Asabe, shugabar ɗakin duwatsu, wadda yaran shago ke kira Gwaggo a gabana, a bayana kuwa Allah kaɗai ya san abin da suke kirana.

Bari in yi wa sababbi bayanin aikin. Muna yin sarƙa da carbi da abin hannu. Dutse in ya zo mana da kaushi ko ya dushe, akwai ɗan injin da Hajiya ta sayo na goge shi. Ganga ce ta roba, kwance a kan sanduna biyu. Moto na juya sanda da bel, sanda na juya ganga. A cikin ganga ake zuba duwatsu da ruwa da garin guga, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, kowane a bar shi yana juyawa kwana da kwanaki ba tsayawa. Ruwan da garin kan koma kamar kunu. Wannan kunun in ya zauna wuri ɗaya sai ya daskare kamar siminti. Shi ya sa tsayawar injin ba abin wasa ba ce.

Bayan kaka ne Nenne Dije ta kawo mana aƙiƙ ja, dutsen wuya irin na da, ƙulle a gefen zane. Na uwarta ne, uwar ma gado ta yi. Shekaru sun cinye masa haske. Ta ce a goge mata kafin su tashi da shanu su yi kudu, domin a shekarunta ba ta da tabbacin za ta sake ganin Katsina. Ni na karɓa da hannuna, ni na ce mata za ta ga fuskarta a ciki.

A makon nan ne aka fara gyaran zauren gidan Hajiya Mariya, inda injin yake, aka mai da shi ɗakin cikin gida. Tun daga nan ya soma abin da bai taɓa yi ba. Da safe ya yi ta juyawa lafiya. Mu fita sallar Azahar da cin abinci, mu dawo mu tarar ya mutu. Wuta kuwa ba ta ɗauke ba, sola muke da ita, ga fanka na juyawa a bisa kanmu.

Muka kira Malam Hamisu. Yana zuwa ya danna, inji ya tashi kamar ba shi ba. Ya ce bel ya saki, ya ɗaure shi. Washegari inji ya sake mutuwa. Ya dawo ya wanke sandunan, ya ce ko maiƙo ke sa ganga santsi, ya ɗiga mai a inda suke juyawa. Inji ya sake mutuwa. Ya ce a rage nauyi, na kwashe ƙananan duwatsun da ake ciko da su. Duk a banza. Kullum sai in buɗe ganga in dama kunun da yatsa, in tsefe ramukan aƙiƙ da allura kada su toshe, raina yana tafasa.

Ranar Litinin da hantsi sai ga Nenne Dije. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da shanu da gajiya, ta ce Asabar za su tashi, in ba ta kayanta yadda suke. Na buɗe na wanke guda na nuna mata. Dutsen da aka tsayar a tsakiyar guga ya fi wanda ba a taɓa ba muni, fari-fari yake kamar an shafa masa toka. Ta jujjuya shi a tafin hannu.

"Ba haka na kawo shi ba," in ji ta.

Hajiya Mariya ta fara ba da haƙuri, na katse ta. Na ce, "Nenne, ki dawo Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In kin same shi haka, ki faɗa wa duk rugar da kika sauka cewa Asabe maƙaryaciya ce."

Da ta tafi Hajiya ta ce, "Gwaggo, da bakin wa kika yi wannan alkawari?"

"Da nawa," na ce.

Malam Hamisu ya zo, wannan karon ya kwance bayan moton ya nuna mani wani ɗan abu. Ya ce, "Gwaggo, wannan ke yanke wuta in moto ya yi zafi, don kada ya ƙone. In ya huce sai ya saki. Zafi ne ke kashe shi, na tabbata. Amma abin da ke kawo zafin, wallahi ban gano ba. In ina nan sanyi ƙalau yake."

"To ka tare a nan mana, Malam," in ji Saratu, "a ba ka tabarma."

Na harare ta, ta sunkuyar da kai kan zarenta. Amma maganar Malam ta zauna mani. Inji yana lafiya in da ido a kansa. Sai na ce yau ba zan fita ba. Da aka kira salla kowa ya watse, na yi alwala na dawo na shimfiɗa abin sallata a lungun bayan ƙofa.

Na sallame ke nan na ji ƙarar sanda a ƙasa. Hajiya Babba ce, tana tafe tana mita, da wani abu a kafaɗa. Lulluɓi ne mai kauri, da auduga a ciki, ta yi masa ado da zare kore a baki. Ta shimfiɗa shi a kan injin yana juyawa, ta cusa gefe-gefe ta ƙarƙashi yadda ake yi wa jariri.

Na san lulluɓin nan sarai. Kullum muka dawo mukan same shi a kai, wadda ta fara shiga ta yaye ta ajiye ba tare da tunani ba. Ni na ɗauka Saratu ke rufewa in ta ga ya mutu, ita kuma ta ɗauka ni ce. A gidan nan keken ɗinki na da riga, talabijin na da riga, har rediyo. Ido ya saba, ya daina gani.

Na yi gyaran murya na gaishe ta. Ta amsa, sannan ta ce, "Ku yaran yanzu, abu mai tsada ku bar shi tsirara. A gidan nan ba a yin haka."

Ni da ke da jikoki ta kira yarinya. Na haɗiye. Na ja ta da hira, ciwon gwiwarta, tsadar gero, har ɗan lokaci ya wuce. Sannan na ce, "Hajiya, ba ni hannunki." Na cusa shi ƙarƙashin lulluɓin, na ɗora a kan moto. Ta fizge.

"Zazzaɓi yake yi?"

"Ta ramukan moton nan yake numfashi. In an rufe, ya shaƙe."

Muna tsaye ya yi ƙit, ganga ta tsaya. Ta dube shi, ta dube ni.

"Wato ɗinkina ne ke kashe shi."

"Shi ne, Hajiya."

Ban sassauta ba, don da na sassauta gobe ma za ta rufe. Fuskarta ta canza, na ga abin ya sosa mata rai, kwana ta yi tana ɗinkin nan da idon da ba ya gani sosai. Sai na ba ta labarin aƙiƙin da ke ciki, na wa ne, kuma ina mai shi za ta. Da na gama, ta naɗe lulluɓin da kanta.

"Jawo mani kujera," ta ce.

Daga ranar har Juma'a ita ta yi gadin injin da rana. Ko Saratu ta rataya mayafi kusa da shi sai ta sha sanda a ƙafa. Bai ƙara tsayawa ba. Malam Hamisu da ya ji labari ya yi dariya har ya zauna a kan buhun garin guga.

Juma'a da la'asar na wanke aƙiƙin a ruwa mai tsabta na zuba a farin faranti. Ja ya fito kamar garwashi. Nenne Dije ta ɗaga guda ta duba ta hasken taga, ta kira sunan uwarta a hankali. Ba ta yarda Saratu ta shirya mata a zare ba, ta zauna a tabarmarmu ta shirya da kanta, ta rataya, ta sa mana albarka da Fulatanci da Hausa.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuka zo bayanmu, shi ne in inji ya ƙi, a duba bel, a duba sanda, a duba nauyi, haka tsarin yake. Amma in ya yi lafiya a gabanki ya mutu a bayanki, zauna ki ga wa ke shiga ɗakin. Kuma wanda ya ɓata miki aiki ba lallai maƙiyi ba ne, sau da yawa mai son abin ne fiye da ke.

Washegari da sassafe na ɗauki igiya na auna injin, tsawo da faɗi, na ƙulla alama, na tafi wurin kafinta a bakin kasuwa. Na ce ya yi mani akwati mai raga ta kowane gefe, sama kawai zai sa katako, shimfiɗaɗɗe. Ya tambaye ni amfanin katakon. Na ce akwai mai shimfiɗa a kai, ya dai goge shi sosai kada ya ja mata zare.