Taɓon Ƙafar Iya

A gidanmu na Bunkure, wutar da ake turara shinkafa ita ce wutar tatsuniya. Da an idar da sallar magariba, Iya, kakata ta wajen uba, za ta tura ɓuntun shinkafa ƙarƙashin duro, tururi mai ƙamshi ya tashi, mu jikoki mu kewaye ta. Sunanta aka sa mini, don haka Takwara take kirana. Wurin zamana ɗaya ne, gefen ƙafarta ta hagu, ina matsa mata.

"Ga baƙuwa a bakin ƙofa," za ta ce, tana nufin tatsuniya. "Wa zai ba ta tabarma?"

"Mu ne!"

Wadda na fi so ita ce ta Tanko, saurayin da ya ga 'yar Sarkin Ruwa zuciyarsa ta tafi da ita. Aka ce mai son ta sai ya ƙetare fadama bakwai da gudu kafin rana ta faɗi. Samari suka zuba. Kowane taku taɓo na ƙara manne musu, ƙafa ta yi nauyi kamar turmi. Duk wanda ya zauna kankarewa, rana ta faɗi ta bar shi a nan. Tanko bai ko dubi ƙasa ba. Ya yi ta jan ƙafa har iska ta busar da taɓon, ya tsattsage ya zube da kansa.

"Nauyin ƙafa ba a sauraronsa, Takwara," in ji Iya. "Kika kula shi ya samu wurin zama."

Na yi shekaru ina neman Tanko a cikin littattafan soyayya da nake ɓoyewa a jakar makaranta.

Wani dare na ce, "Iya, ƙafarki ta kumbura."

"Ji 'yar sa-ido! Taɓon Tanko ne. Matsa mini, malamar asibiti."

Babana ya ce, "Iya, gobe mu je asibitin Kura a duba ki."

"Shinkafar mutane fa? In bar ta a ruwa ta yi tsami? Bari dai a gama kaka."

Kafin a gama kaka ta taka garwashi ba ta ji ba. Gyambon ya ƙi warkewa. Da aka kai ta Kano suka ce ciwon suga ne ya daɗe yana cin ta, suka yanke ƙafar daga gwiwa. Ta dawo gida, duro ya yi tsatsa, baƙuwa ba ta sake zuwa ƙofa ba. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Bana likita ta gaya mini ba suna kaɗai na gada ba. Ta ce in motsa jiki ko in bi sawun Iya. Na sayi takalmin kambas, na fara gudu a bakin kanal ɗin ruwan noman rani bayan asuba, hijabina na kaɗawa, masu ban-ruwa na tsokana: "Hajiya, lafiya? Wa ya biyo ki?" Da farko ko gonar tumatir ɗaya ba na wucewa sai na dafa gwiwa. A mako na uku ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhu. Na zauna a gefen ruwa ina kuka, don na san wannan nauyin, da hannuna na matsa shi.

Ranar na koma asibiti. Likita ta duba tafin ƙafata, ta tsikare shi, na zabura. Ta ce gajiyar tsoka ce, in riƙa hutawa kwana ɗaya tsakani, zai wuce. Ya kuwa wuce. Yanzu har gada nake kaiwa ban tsaya ba.

Ashe Iya ba ƙarya ta yi ba, kuma abin da ke ci mini rai ke nan. Taɓona ya bushe ya zube kamar yadda ta faɗa. Nata ne ba taɓo ba, mu kuma muka zauna muna tafa wa Tanko.

Jiya 'yata Husna ta ce in yi mata tatsuniyar. Na yi, amma a fadama ta uku sai na zaunar da Tanko ya duba ƙafarsa.

"Umma, ai rana za ta faɗi ya rasa ta!"

"Ta faɗi," na ce. "Ya rasa ta. Ya koma gida da ƙafarsa biyu."